Yadda ake fito da launin katakon ceri da kuma banish ɗin da ya dace da shi

Tambaya: Ni kafinta ne, kuma mafi yawan aikina da maɗaci nake yi. Na samu allunan katakon ceri da aka shigo da su daga Amurka, ina so in yi ƙaramin tebur da akwatin ajiye kayan ado, sauran guntayen kuma in yi cokula da allon yanka. Da na gwada shafa launi mai duhu a kan guntu ɗaya sai ya fito dabbare-dabbare, wani wuri ya yi baƙi, wani wuri bai kama ba. Yaya zan samu jan nan mai zurfi da ake gani a kayan ceri, kuma wane irin banish zan shafa?

Amsa: Malam, ka yi dabara da ka fara gwaji a kan guntu kafin ka taɓa teburin. Shawarata gare ka ita ce ka ajiye gwangwanin launin nan tukuna, domin jan da kake nema yana cikin katakon da kansa, haske da tsawon lokaci ne ke fito da shi. Idan har dole sai an ƙara launi, akwai yadda ake yi ba tare da an ɓata fuskar katakon ba, kuma zan zo kansa.

Katakon da ke hannunka, idan daga Amurka ya fito, kusan tabbas na itacen da masana tsirrai ke kira Prunus serotina ne, wanda ke fitowa a gabashin Arewacin Amurka, kuma mafi kyawunsa an san shi da dazuzzukan tudun Allegheny a jihar Fensilbaniya da maƙwabtanta. Ya kamata ka tabbatar da wannan, saboda a kasuwar katako ana liƙa sunan ceri ga wasu itatuwan da ba su da dangantaka da shi, kamar makore na Afirka ta Yamma da jatoba na Barazil, waɗanda halinsu wajen shan launi daban ne. Ceri na gaskiya idan aka fere shi sabo, zuciyarsa ruwan ƙasa ce mai haske wadda ta ɗan karkata zuwa ruwan hoda, gefensa kuma, wato ɓangaren da ke kusa da ɓawo, fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa. Sau da yawa za ka ga ƙananan baƙaƙen ɗigo ko gajerun layuka na ƙaro a jikinsa, kuma waɗannan ba aibi ba ne, alamar itacen ce. Da zarar haske da iska sun fara taɓa shi sai ya fara duhu. Canjin yana da sauri a makonnin farko har ido na iya ganinsa, mafi yawansa yana faruwa cikin wata shida zuwa shekara guda, sannan ya ci gaba a hankali na tsawon shekaru har ya kai jan nan mai zurfi da ke ɗaukar ido. Akwai masu yin kayan ɗaki da suka yi suna a kan wannan hali kaɗai, kamar kamfanin Thos. Moser na jihar Maine, wanda ya shahara da kujeru da teburan ceri da aka shafa wa mai da kaki kawai aka bar su suka yi duhu da kansu. Ka kuma sani cewa yawancin kayan shago masu jan duhu da ake sayarwa da sunan ceri, launi ne aka fesa a kan wani katako mai arha, don haka bai kamata su zama ma'auninka ba.

Dalilin dabbare-dabbaren da ka gani yana cikin yadda jijiyar itacen take. Maɗacin da ka saba da shi yana da ƙofofi manya da ido ke gani, waɗanda suka bazu kusan daidai a ko'ina, shi ya sa garin launi ke shiga cikinsu ya zauna lafiya. Ceri kuwa ƙofofinsa ƙanana ne ƙwarai, kuma jijiyarsa ba ta tafiya a miƙe, tana nutsawa tana tasowa kamar igiyar ruwa. Duk inda jijiyar ta taso ta fuskanci sama, wurin yana shan ruwa kamar bakin katako da aka yanke, inda ta kwanta kuma ba ya sha sosai. Launi mai ruwa-ruwa yana bin wannan bambanci, sai ya taru a wuri ɗaya ya bar wani. Abin da ya kamata ka lura da shi shi ne, wannan murɗewar jijiya ita ce kuma ke ba ceri ƙyallin nan da ke sauyawa idan mutum ya zagaya tebur. Launi mai duhu yana mayar da ita datti, mai ko banish marar launi yana mayar da ita ado. Kafin ka shafa komai, ka jiƙa tsumma da tina irin ta fentin mai ka goge allon da ita. Muddin tana da danshi za ta nuna maka wuraren da za su sha da yawa, ta kuma tona duk inda gam ya ɓuya, sannan ta bushe ba ta bar komai ba.

Aikin gyaran fuska yana da nasa sharuɗɗan. Ceri yana saurin ƙonewa idan zarto ko wuƙar inji ba su da kaifi, ko kuma idan aka tsaya da inji wuri ɗaya, kuma tabon ƙunar yana da wuyar fita da sanfefa, gara a kankare shi da ƙarfen kankara. Ka fara sanfefa da lamba 120, ka wuce 150, sannan 180, kana bin tsawon jijiya, kada ka tsallake lamba. Idan mai kaɗai za ka shafa, ka kai 220. Bakin katako, inda aka yanke jijiya, ka kai shi 320 domin ya rage sha, in ba haka ba zai fi ko'ina duhu. Ragowar gam kuwa ka bar shi ya ɗan daskare ka ɗebe shi da kurfi, domin goge shi da jiƙaƙƙen tsumma yana tura shi cikin katako ya bar farin tabo. Idan akwai ramin ƙusa da za ka cike, ka zaɓi abin cikewa da ya fi katakon duhu a yanzu, saboda katakon zai yi duhu shi kuwa zai tsaya yadda yake. Ka kuma nisanta katakon da ƙurar ƙarfe idan yana da danshi, domin ƙarfe da ruwa suna haɗuwa da sinadarin da ke cikin ceri su bar baƙin tabo.

Hanya mafi sauƙi ta gaggauta duhun ita ce rana. Bayan ka gama sanfefa, kafin ka shafa komai, ka fitar da sassan aikin su sha haske na 'yan kwanaki, za ka ga bambanci a fili. Sai dai a nan dole ka yi hankali, domin masu ba da wannan shawara a Amurka ba da irin ranarmu suke magana ba. Ranar bazara a Kano ko Damagaram tana iya busar da fuska ɗaya ta allo ta bar ɗayar, allon ya lanƙwashe ko bakinsa ya tsage cikin yini guda. Ka fitar da su da hantsi ka mayar inuwa kafin rana ta take, ka ɗora su a kan sanduna yadda iska za ta ratsa ƙasa, kana juya su domin kowace fuska ta samu rabonta, kuma kada inuwar wani abu ta faɗa a kan rabin allo. Ko a ƙarƙashin rumfa mai haske sosai aikin zai yiwu, sai dai ya ɗauki lokaci. Ka tuna cewa duhun a fatar katakon kawai yake, idan ka sake yin sanfefa mai ƙarfi bayan haka za ka koma farin da ka fara da shi. Tun da maganar yanayi ta shigo, ka bar allunan su zauna a shagonka na wasu makonni kafin ka yanka, kuma ka ɗaure saman teburin ta yadda zai iya motsi a faɗinsa, domin zai tsuke da hunturu ya kumbura da damina, kuma babu banish ɗin da ke hana wannan gaba ɗaya.

Akwai kuma hanyar sinadari. Sodar da ake yin sabulu da ita, idan aka narkar da kaɗan a ruwa aka shafa wa ceri, tana sa shi duhu nan take, domin tana aiki da sinadarin da ke cikin katakon ne, ba wani gari take zubawa a kai ba, don haka ba ta rufe jijiya. Ana farawa da ƙaramin cokali ɗaya a lita guda ta ruwa, a zuba sodar cikin ruwa, kada a zuba ruwa a kan soda, a sa safar hannu ta roba da tabarau, a shafa da sauri a ko'ina, idan ya bushe a goge da ruwan khal da aka sirka domin kashe kaifinta, a sake gogewa da ruwa mai tsabta. Tana ƙona fata kuma tana iya makantar da mutum, kuma idan ta yi ƙarfi launin yakan wuce ja ya koma ruwan ƙasa marar kyau. Ba na ba da shawarar ta ga wanda ke aiki da yara masu koyon sana'a a kusa, kuma ba a amfani da ita a kan cokali ko allon yanka. Wani sinadarin da za ka iya jin labarinsa, fotasiyam daikiromet, shi ma yana yin wannan aiki, amma guba ne mai haddasa ciwon daji, ka rabu da shi kwata-kwata.

To, idan mai kayan ya matsa sai an ba shi tebur mai duhu a yau, ko kuma allunan sun bambanta da juna har ya zama dole a daidaita su, sai a koma ga launi, amma da shiri. Shirin shi ne a fara shafa abin da zai toshe wuraren da ke sha da yawa ba tare da ya rufe katakon gaba ɗaya ba. Abin da ya fi dacewa da wannan shi ne shelak, wani ƙaro da wani ƙaramin ƙwaro ke fitarwa a kan itatuwa a Indiya da Tailan, wanda ake narkarwa da sifirit, wato alkohol. Ka nemi wanda aka cire wa kaki, domin mai kaki yana hana wasu banish kamawa a kansa. Ka narkar da giram 60 zuwa 120 a lita guda ta sifirit, ka shafa sau ɗaya da sauri ba tare da komawa baya ba, ka bar shi kamar awa guda, sannan ka bi shi a hankali da sanfefa mai lamba 320. Idan ya yi kauri launi ba zai kama ba, idan ya yi ruwa da yawa dabbare-dabbaren zai dawo, kuma gwaji a kan guntu ne kaɗai zai nuna maka inda daidai yake ga allunanka.

A kan wannan shiri, launi iri biyu ne ke da amfani. Na farko shi ne launi mai kauri kamar man shafawa, wanda ba ya nutsewa, yana zama ne a sama, a shafa da tsumma a goge ragowar. Yana da sauƙin sarrafawa, aibinsa shi ne idan aka maimaita shi sau da yawa yana dushe jijiyar katakon. Na biyu shi ne rini, wanda ke narkewa gaba ɗaya a ruwa ko sifirit, ba shi da gari, don haka yana canza launi ya bar jijiya a fili. Ni rini na fi so a kan ceri, musamman idan akwai injin feshi, domin feshi siriri da ba a goge ba yana sauka daidai a ko'ina. Idan rinin ruwa ne, ka fara jiƙa katakon da ruwa, ya bushe, ka bi gashin da ya tashi da sanfefa mai laushi. Rini ba ya jure rana kamar launin gari, yana kodewa a hankali, amma a kan ceri wannan ba babbar matsala ba ce, domin yayin da yake kodewa katakon da ke ƙarƙashinsa yana ƙara duhu. Saboda wannan dalili ne nake cewa ka tsaya da launi kafin ka kai duhun da kake so. Wanda ya kai teburinsa cikakken duhu a ranar farko, bayan shekara biyu zai same shi ya wuce inda ake so, kuma babu hanyar komawa sai kankarewa. Masu feshi suna da wata dabarar kuma, su rufe katakon da shelak ko banish marar launi tukuna, sannan su zuba ɗan rini a cikin shafi na biyu, ta yadda launin bai taɓa katakon ba balle ya yi dabbare-dabbare.

Farin gefe shi ne wurin da na yarda da rini ba tare da jayayya ba. Ba ya yin duhu kamar zuciyar itacen, don haka bambancin da kake gani yau zai ƙaru ne da shekaru. Ko dai ka yanke shi tun wajen zaɓen alluna, ko ka juya shi ciki da ƙasa inda ba a gani, ko ka bar shi a fili da gangan a matsayin ado, wanda a akwatin kayan ado yakan yi kyau sosai idan an daidaita shi a ɓangarorin biyu. Idan za ka rina shi, ka bi shi shi kaɗai da ƙaramin buroshi, ka kai shi ɗan duhu fiye da zuciyar a yanzu.

Game da abin shafawa na ƙarshe, kowane aiki da abin da ya dace da shi. Ga akwatin, wanda ba ruwa ko zafi zai riƙa gamuwa da su ba, man linsid dafaffe, wato man 'ya'yan tsiron filaks da ake sayarwa da wannan suna, ko man tung, wanda ake tatsa daga 'ya'yan itacen tung, ya isa. Ka shafa da yawa, ka bar shi minti 10 zuwa 15, ka goge ragowar tas har tsumma ya daina ɗaukar mai, domin a zafin ƙasarmu yana saurin yin danƙo idan aka bar shi. Ka bar kwana ɗaya tsakanin shafi da shafi, sau biyu ko uku, idan ya bushe sosai ka bi shi da kaki. Mai yana zurfafa launin ceri nan take fiye da komai, ko da yake a allon da jijiyarsa ta murɗe sosai shi ma yana iya nuna ɗan dabbare-dabbare, wanda yakan laɓe yayin da katakon ke duhu. Cikin akwatin kuwa kada ka sa masa mai, domin a rufaffen wuri warinsa ba ya fita, zai kama duk abin da aka ajiye. Shelak siriri ya wadatar a ciki.

Teburin yana bukatar abin da zai tare ruwa da zafin kofin shayi, kuma mai kaɗai ba ya yin wannan. Abin da nake ba da shawara shi ne shafi ɗaya na mai domin launi, a bar shi ya bushe na kwana uku zuwa mako guda, sannan banish mai tushen mai, irin foliyuretan, wanda aka sirka da tina rabi da rabi a riƙa shafawa da tsumma. Sirkakken banish yana bushewa da wuri, ba ya barin sawun buroshi, kuma ƙura ba ta samun lokacin zama a kansa, abin da duk wanda ya taɓa shafa banish da hunturu ya san darajarsa. Tun da siriri ne, saman tebur zai bukaci shafi biyar ko shida, ƙafafu uku sun isa, ana bi da sanfefa 320 ko 400 a tsakani. Ka shafa wa ƙasan saman teburin ma, domin fuskokin biyu su riƙa shan danshi daidai. Banish mai tushen ruwa yana da amfaninsa, ba shi da wari sosai kuma yana saurin bushewa, amma shi kaɗai yana barin ceri da fuska a kode. Idan shi ke gare ka, ka fara shafa shelak marar kaki mai ruwan zuma a ƙarƙashinsa, kuma kada ka goge tsakanin shafi da audugar ƙarfe, domin ɓurɓushinta zai yi tsatsa a ciki. Da damina kuma ka guji shafa shelak ko banish na feshi a ranar da iska ta cika da danshi, domin sukan yi fari-fari kamar hazo. Banish yana bushewa a taɓa shi cikin kwana ɗaya, amma ba ya gama ƙarfi sai bayan kamar wata guda, don haka a lallaɓa teburin a wannan lokaci.

Akwai haɗari ɗaya da ba na so ka ɗauka da wasa. Tsumman da aka shafa man linsid ko banish mai tushen mai da shi, idan aka dunƙule shi aka jefa a kwandon shara, yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta ba tare da ashana ba, kuma shagon kafinta cike yake da garin katako. Ka baza kowane tsumma a fili a waje har ya bushe ya yi tauri, ko ka nutsa shi cikin bokitin ruwa.

Cokula da allon yanka ba sa bukatar launi ko banish ko kaɗan, domin wuƙa da wanki za su fasa duk wani abu da ya yi fata a kansu. Ka shafa musu farin man farafin irin wanda ake sayarwa a kantin magani, ko ka narkar da kakin zuma kashi ɗaya a cikin man kashi huɗu ka shafa, a riƙa maimaitawa duk lokacin da katakon ya nuna bushewa. Man gyaɗa da sauran man girki ba su dace ba, domin suna lalacewa a cikin katako su yi wari.

Idan ka miƙa teburin ga mai shi, ka gaya masa cewa launin zai ci gaba da canzawa, kuma a watanni shida na farko kada ya bar tire ko littafi ko fitila a wuri ɗaya a kansa na tsawon kwanaki, domin wurin da aka rufe zai tsaya da haske sauran ya yi duhu, siffar abin ta fito a fili. Idan hakan ta riga ta faru, kada a sa sanfefa. A ɗauke abin a bar wurin ya sha haske, cikin wasu makonni ko watanni zai kamo sauran.